Gyaran Malam Ja'afaru

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Inna tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, wani aiki ya ishe ni a shago. Malam Ja'afaru, manomi ne daga wajen Kunci, ya kawo bidiyon walimar saukar Alƙur'ani ta 'yarsa Humaira in haɗa masa. Na gama tun kafin shuka, amma bawan Allahn nan ya ƙi karɓa. Duk ran kasuwar Ɗambatta sai ya zo, ya zauna a benci, ya kalla tun daga farko, sannan ya fito da sabon gyara. Yau haske ya yi yawa, wani makon kukan akuya ya danne karatun. Mutumin da ko wayarsa sai an danna masa! Saura kaɗan in ce ya kai wa wani.

Ƙaninki,
Kamaruddeen

Yaya Aina'u,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto miki ne zuciyata ba daɗi. Khalilu, ƙanin matar Malam, wanda ya ɗauki bidiyon, ya biyo ta shago jiya. Ashe Humaira ta rasu bayan walimar da kaɗan, zazzaɓi ne. Ita ce 'yar fari, kin kuwa san kunyar mutanenmu: bai taɓa kiran sunanta ba, ko ranar jana'iza ba a ga hawayensa ba. In ya kai bidiyon gida, mata za su kalla su yi kuka, shi kuwa dole ya tashi ya ba su wuri. A bencina kaɗai yake iya zuba mata ido.

Na rasa inda zan sa kaina. Ki sa shi a addu'a.

Kamaruddeen

Yayata,

Da fatan kun wuni lafiya. Malam ya zo yau. Ya kalla har ƙarshe, ya sa na maimaita, bai sami abin gyara ba, don wallahi babu. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya miƙo hannu zai karɓi bidiyon.

Ban ba shi ba, Yaya. Na ce ban gamsu da sautin wajen addu'a ba, sai dai ya yi haƙuri ya dawo mako mai zuwa. Ya dube ni, na tabbata ya gane. Ya ce shi ma ya lura da wurin, nauyin faɗa yake ji. Ya koma ya zauna, ya ce tunda ya zo, in ƙara kunna masa.

A gaida yara.

Naki,
Kamaruddeen