Abin da ya faru da kwamfutar ofishinmu ranar Asabar

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mai jego da jaririya. Allah ya raya ta, ya ƙara wa uwarta ƙarfi. Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda.

Yaya, na zaɓi takarda ne don bakina ba zai iya faɗin wannan a waya ba. Ranar Asabar da kuka zauna jiran kiranmu na bidiyo, na ce maka intanet ce ta ƙi. Ƙarya na yi maka. Ka san kyamarar wayata ta fashe, sai na ɗauki Mama zuwa ofishinmu da safe, tunda ba kowa, don ta ga jikarta a babban allo. Ta sa zanen da take ɓoyewa a ƙasan akwati, har da turare. Ita kwamfutar tsohon tsari ke kanta, wanda kamfani ya ƙi sauyawa saboda da shi manhajar kayan sito ke aiki. Da na je saka manhajar kiran, ta ce sai an sabunta wasu abubuwa. Na shiga da lambar sirrin da injiniyanmu ya taɓa ba ni don gyara firinta, na bi umarnin da na samo a intanet, ina kwafa ina bugawa ba tare da na fahimci ko layi ɗaya ba. Aka tambaye ni ko a cire wasu fayiloli, na ce a cire. Daga nan allo ya yi baƙi. Awa biyu Mama na zaune a kujerar baƙi, jaka a cinya, tana ce mini kada in damu, ta saba jira.

Ranar Litinin manhajar sito ta ƙi buɗewa, motoci uku suka tsaya ba lodi. Manaja ya kira injiniyan gaban kowa ya wanke shi tas, ya ba shi takardar gargaɗi. Injiniyan nan ya girme ka, Yaya. Ya riga ya duba, ya ga ranar da aka shiga da lambarsa, ya kuma san wa ya ba. Kallo ɗaya ya yi mini, ya ce wa manaja zai gyara. Ni kuwa na sunkuya ina jera takardun da na riga na jera.

Sai ranar Alhamis na shiga wurin manaja na faɗi komai. An janye takardar injiniyan, an rubuta tawa, kuma ta dace da ni. Da na je ba shi haƙuri, bai bar ni na ƙarasa ba. Tambayata ya yi ko tsohuwa ta samu ganin jikarta. Da na ce a'a, ya ce in kawo ta gidansa Asabar mai zuwa, matarsa za ta haɗa mu da tasu kwamfutar. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Don haka ku shirya ranar Asabar ɗin, ƙarfe goma. Ka yafe mini ƙaryar. Mama ba ta san komai ba tukuna, ni zan faɗa mata kafin mu tafi, don ta san gidan wa za ta shiga.

Ka gaida mai jego da surukarka. Mama da Kawu suna gaishe ku.

Ƙanwarka.