Kangon Baba Ya Samu Mai Shiga

Daren Laraba, ƙarshen kaka, Makarfi

Yau raina fes! Gidan marigayi Baba na Gazara, wanda tun rasuwarsa awaki kaɗai ke kwana a zaurensa, yau mutum biyu suka zo nema. Da hantsi wani manomin rake daga Kudan ya zo, bayan la'asar kuma sai ga Malam Yohanna, sabon malamin makaranta da aka turo daga kudancin Zariya. Mai unguwa ya ce tunda aka samu mulkin kai aka buɗe makaranta, motoci kuma suka fara shiga ɗaukar mazarƙwaila, babu kangon da ba a taya ba a ƙauyen.

Ni tuni na hango kuɗin gidan sun saya mini keken ɗinkin da na daɗe ina buri. Fargabata Inna ce, don ta sha rantsuwa ba mai taɓa gidan mijinta. Na durƙusa na gaya mata. Sai ta ce, "Wane ne mai iyali a cikinsu?"

Na ce malamin ne, da matarsa da 'ya'ya huɗu. Mai raken kuwa, rumbun ajiya zai mayar da gidan.

"To, a ba malamin," in ji ta. "Babanku bai gina shi don kaya ba. Ina so in na je gaisuwa in ga hayaƙi yana tashi a madafata."

Na fito ina dariya, hawaye na zuba. Gobe da sassafe zan ari keke in kai wa Malam Yohanna albishir da bakina, kafin mai unguwa ya riga ni.