Ganyen da Kaka Ya Hana a Share

Zuwa ga Baffa Shafqat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan kana lafiya a Doha, Allah ya ƙara maka lafiya da kariya. Mu nan Bijbehara muna lafiya, Umma ta warke daga tarin nan. Kaka Gaffar ne dai jikinsa ba daɗi, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto maka.

Ka san duk lokacin kaka marigayiya Kaka Zoona ce ke share ganyen bishiyar cinar ɗin tsakar gidanmu, ta ƙona shi ya zama gawayin kangiri, ɗan kaskon wutar da muke rungumewa lokacin sanyi. Bara ganyen ya zuba ne a makon da ta rasu, sai Kaka ya hana kowa taɓa shi. Haka ganyen ya kwana ƙarƙashin ƙanƙara har bazara. Bana sai ga farare-fararen tabo a kusan kowane ganye, yana ta zuba tun kafin lokacinsa. Kaka ya ce bishiyar da suka zauna a inuwarta tun suna ango da amarya ta bi matarsa, saura shi. Ya daina cin abinci, shayin gishiri kawai yake kurɓa.

Na kai wa malamar kimiyya ganye ɗaya. Ta ce tsutsar wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta ce, a cikin busasshen ganye take wuce sanyi, kuma idan aka ƙona ganyen bana bishiyar za ta samu sauƙi. Na daɗe ina jin nauyin gaya wa Kaka. Da na faɗa, sai ya ce, "Amaryata, so kike ki share sawun uwargidanki ki gaje gidan ko?"

Shekaranjiya da safe na same shi da kansa yana shara. Muka kunna wa tulin wuta, amma ba wanda ya san lokacin da Kaka Zoona take yayyafa ruwa don ya zama gawayi, sai duk ya cinye ya zama toka. Ya tsaya yana kallo, ya ce shekara da shekaru yana ɗumi da gawayinta bai taɓa tambayarta yadda take yi ba. Ranar ya ci rabin gurasa. Don Allah Baffa ka kira shi, kai yana jin maganarka.

Umma da Yaya Rouf suna gaishe ka. Ka gaida Inna Nighat da su Mehak.

'Yarka,
Insha