Tukunyar Irin Kaka

Ɗanzomo,
28 ga Afrilu, 1974.

Zuwa ga Baffana Halliru, a Kumo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Hannatu da yara duka. Ni ce Rahamatu, 'yar yayanka, wadda ka bari tana rarrafe. Yanzu ina aji uku a sakandaren 'yammata a Kano, na zo hutu gida. Ban taɓa rubuto maka ba saboda nauyinka da nake ji, yau ma dole ce ta sa.

Muna nan da rai, sai godiya. Baba ya tafi cin rani tun bayan kaka, har yau bai dawo ba. Farin bara ka ji labarinsa: sau uku aka yi shuka, sau uku ta ƙone. Mutanen Nijar suna ta tsallakowa ta Maigatari ba ko akuya a hannunsu. Abincinmu jar dawar taimako ce da ake rabawa a Gumel. Kaka, mahaifinku, idonsa ya rufe gaba ɗaya, amma bakinsa na nan, kullum sai ya tsokane ni wai amaryarsa ta iya Turanci ba ta iya fura ba.

Baffa, ka yi haƙuri in fara daga makaranta, don can maganar ta samo asali. A zangon farko malamarmu ta koya mana wata kalmar Turanci, generation. Ta ce tana nufin hawa ɗaya a cikin zuriya, kaka hawa, uba hawa, ɗa hawa. Ana kuma faɗinta ga tsara, mutanen da suka tashi lokaci guda. Ta ce har tsiro ana yi masa wannan lissafi, domin hatsin bana ɗan na bara ne. Sai ta ba mu aikin hutu, kowa ta rubuto hawa nawa aka sani a gidansu.

Da na tambayi Kaka sai ya yi dariya, ya ce shi ba da shekara yake ƙirga iyayensa ba, da gero ne. Ya sa na jawo tukunyar da ke ƙarƙashin gadonsa, wadda aka liƙe bakinta da laka. Ya ce geron nan mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya ci, kakan mahaifinsa Gambo ne ya zo da shi daga Damagaram a cikin gora. Gambo ya ba Mu'azu, Mu'azu ya ba Dogo, Dogo ya ba shi, shi kuma ya ba ku. Duk ɗan da zai bar gida sai an ba shi zangarniya uku, kuma ya ce kai ma ya ba ka ranar da ka tashi. Na rubuta, hawa biyar, ni ta shida. Na lissafa na geron, ya haura ɗari. Malama ta karanta aikina a gaban aji, har na rufe fuska don kunya. Abin da ke cikin tukunyar nan, Baffa, shi kaɗai ya rage bayan shukar bara.

Da na dawo wannan hutun na tarar ƙyanda ta kama ƙanwata Kyauta. Ƙurajen sun warke amma cikinta ya ƙi jar dawar nan, duk abin da aka ba ta sai ya dawo. Ta rame har ina ƙirga haƙarƙarinta, ba ta cewa komai sai kunun gero. Gero kuwa babu shi a gidan kowa, na zaga unguwa har gidan mai gari. Inna ta tafi Gumel layin taimako, ta kwana biyu can. Rana ta biyu da hantsi Kyauta ta daina kuka, idonta kawai ke bina. Kaka yana zaure. Na shiga ɗakinsa, na fasa lakar, na ɗebi tafi biyu.

Na ce sau ɗaya ne. Amma ta sha, ya zauna, ta nemi ƙari. Na koma gobe, na koma jibi. Kwana goma sha ɗaya ina ɗiba, Inna ta gane ba ta hana ni ba, ita ma hawaye take yi tana tace gasarar. Ranar da hannuna ya taɓa gindin tukunya, sai na cika ta da yashi, na kwaɓa laka na liƙe. Kyauta yanzu tana tafiya da ƙafarta, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce da na sani a kan wannan ba. Amma ni da na rubuta sunayen nan biyar da hannuna, ni ce na daka abin da suka bari. Ba na iya cin abinci in na tuna.

Abin da ya fi damuna shi ne Kaka. Kowace safiya bayan salla sai ya jawo tukunyar, ya jinjina nauyinta, ya shafa bakinta, ya ce alhamdu lillahi, gida bai mutu ba. Maƙwabta uku sun riga sun zo ya yi musu alkawarin tafi-tafi in ruwa ya sauka. Shekaranjiya ya kira ni ya ce, "Amarya, tunda ke kika sa su Gambo a takarda, ke za ki fasa lakar bana, ko da kin koma makaranta sai an ɗauko ki." Na ce to. Na fita bayan rumbu na yi kuka har Inna ta zo ta janye ni.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. A cikin kwanakin nan, wata rana kunun Kyauta ya yi saura, na manta na miƙa masa. Ya kurɓa, ya riƙe kofin ya daɗe, sannan ya tambayi jikin yarinyar. Na ce da sauƙi. Ya ce madalla, ya shanye. Ban sani ba ko ya gane, ko bai gane ba. In ya gane, to kowace safiya saboda ni yake jinjina yashi yana godiya, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Don Allah, Baffa, don darajar iyayenku, in zangarniyar nan uku ta yi zuriya a gonarka, ka aiko mana. Ba mudu nake roƙo ba, ko cikin tafin hannu ne ka ƙulle a tsumma. Ubale direba, ɗan garinmu, shi zai kawo maka wannan takarda, ya ce zai juyo bayan kwana goma sha biyu. Ka ba shi ya kai wa Inna hannu da hannu. Ka duba da kyau ya zama mai gashin ne, Kaka da yatsa yake gane ƙwayarsa. In kuma naka ma ya ɓace, kada ka ɓoye mini don tausayi, ka rubuto, in durƙusa in gaya masa da bakina kafin ya tara mutane a kan tukunyar.

Ka gaishe mini da Gwaggo Hannatu, da Laure da Rabi waɗanda ban taɓa gani ba. Inna tana gaishe ku, ta san da wannan takarda. Kaka bai sani ba, shi ya sa ban sa gaisuwarsa ba.

Jiya da la'asar hadari ya taso gabas, gari duka aka fito ana addu'a ruwa ya sauko. Allah ya yafe mini, Baffa, ni kaɗai ce a Ɗanzomo nake roƙon ruwan ya jira Ubale.

'Yarka mai jiran amsa,
Rahamatu.