Ƙahonnin Malam Isuhu Ba Bola Ba Ne

Zuwa ga Shugaban sakandaren gwamnatin da marigayi Malam Isuhu ya koyar da kiɗa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da malamanka. Sunana Sabi'u, gyaran lagireto nake yi a Unguwar Dosa. Sau uku ina zuwa ofishinka maigadi yana cewa kana mitin, shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a. Lokaci ya ƙure: ranar Asabar za a kwashe abin da ya rage na ƙahonnin Malam.

Na ɗaya. Litinin ɗin nan na je wurin 'yan gwangwan a hanyar Mando, sai na hangi bigila, ƙaramin ƙahon fareti, a kan sikeli. Na ɗaga ta, na ga liƙin dalma a gwiwarta. Aikin hannuna ne. Ni na liƙe ta, Malam Isuhu yana tsaye a kaina yana faɗan kada in cika wuta. A gefe ga ƙahonni huɗu, an riga an daddake su da guduma sun koma kamar faifai. Mai wurin bai ɓoye min ba: daga sito ɗin makarantarku aka sayar masa a matsayin lalatattu, kuma Asabar zai koma ɗaukar sauran. Tsohon lagireto na ba shi kafin ya sakar min bigilar.

Na biyu. Bara aka kawo ka, ba ka san mutumin ba, to bari in gaya maka. Da garewani da fatar akuya ya fara koya wa yara kiɗan fareti. Ƙahonnin nan ɗaya bayan ɗaya ya tara su, yana bin tsofaffin sojoji gida-gida yana roƙo. Yau akwai ɗalibansa a cikin makaɗan soja da na 'yan sanda, suna ciyar da iyali da numfashin da ya koya musu riƙewa. Ni ban yi makarantarku ba, a aji huɗu na firamare na tsaya. A tsofaffin jaridu na koya wa kaina karatu, shi yake gyara min in na yi tuntuɓe, muna jiran dalma ta huce.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. An ce kwamitinku ya duba, ya ga ƙahonnin ba bakin busawa, ba maɓallai, sai ya rubuta sun lalace. Haba! Duk ƙarshen zango Malam yakan cire bakunan da maɓallan, ya jiƙa su a man keken ɗinki cikin gwangwanayen madara, ya tafi da su gida saboda tsatsa da masu ɗan hali. Ajali ya riske shi a cikin hutu. Gwangwanayen suna nan a ɗakin matarsa, Inna Hajara, kowane baki da lambar ƙahonsa. Mai sharar makarantar ma ya san haka. Mutum nawa ne a kwamitin, aka rasa mai buɗe baki ya yi tambaya? Ko a wajen masu digiri ba a jin cewa matambayi ba ya ɓata?

Na ji kuma za ku sa sunansa a jikin ɗakin taro. Madalla. Amma allon suna ba ya busa, ranka ya daɗe.

Roƙona: ka dakatar da motar Asabar. Ka buɗe sito a gaban Inna Hajara da tsofaffin ɗalibansa, a mayar wa kowane ƙaho bakinsa. Wanda ya busu a bar wa yara, wanda ya ƙi ni zan liƙe shi kyauta. Huɗun da aka daka kuwa, a je a ba matarsa haƙuri, baki da baki.

Juma'a da hantsi zan zo da gwangwanayen da bigilar. In maigadi ya sake cewa kana mitin, zan tsaya a bakin get in mayar wa bigilar bakinta, in busa taken da Malam yake tara yara da shi. Ban ƙware ba, amma babu ɗalibin da bai san shi ba. In azuzuwa suka fashe suka fito, sai kwamitinka ya yi musu bayanin yadda lalatacciya take busawa.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu. Kai kuma Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya, ya kare naka aikin daga sikeli bayan ba ka nan.

Wassalam.

Sabi'u Mai Lagireto,
Unguwar Dosa, Kaduna.