Rijiya Ɗaya, Sakamako Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Haɗa Kan Ofisoshin Tsabtace Muhalli da Ɗakunan Gwaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Allah Ya taya ka riƙo.

Sunana Haruna, mutumin Gaya. Shekara tara ke nan ina kula da wata gonar dabino a bayan dutsen Uhudu, ni da abokin aikina Malam Isuhu, mutumin Maraɗi. Na rubuto da Hausa ne domin sau uku ina rubutawa da Larabci ba a gane ba, sai na ce ƙila laifin harshen ne.

Ranka ya daɗe, a gefen gonarmu akwai wani tsohon garejin manyan motoci da aka rufe, aka bar gangunan baƙin mai da wani ruwa mai warin da ke hawa kai. A sanyin bara aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta tuntsurar da gangunan, ta biyo kwari ta shigo mana. Ba a yi mako biyu ba, ruwan rijiyarmu ya fara ƙyalli kamar bakan gizo. Da shi muke ban ruwa, da shi muke wanka da alwala.

Na ɗaya. Ina godiya da ilimin da na samu. Da can ina tsammanin ƙasar Allah guda ce, ashe an raba ta hawa-hawa. Da na kai kukana, ofishin farko suka ce saman ƙasa nasu ne, amma abin da ya riga ya nutse ba nasu ba ne. Na biyu suka ce ruwa nasu ne, amma tunda ta ƙasa gurɓatar ta biyo, in koma wa masu ƙasa. Na uku, masu kwashe shara, suka ce gangar da ke da ruwa a ciki ba ta zama shara ba tukuna. Ba zan yi musu ƙarya ba, kowa ya ba ni kujera da shayi da lambar bin sawun ƙorafina, ya sallame ni da "bukra insha Allah", wato sai gobe. Lambobi uku nake da su yanzu, kuma babu wadda ta san da zaman 'yar'uwarta.

Na biyu. Daga baya ɗakunan gwaji biyu suka turo a ɗebi ruwan, kowanne daga ofishinsa. Rana ɗaya suka zo, kuma da hannuna na cika musu kwalabensu daga bokiti ɗaya. Na farko ya sa tasa cikin akwatin ƙanƙara ya tafi. Na biyu ya ajiye tasa a gaban mota cikin rana, ya tsaya cin abinci, ya jira har aka yi La'asar. Ni ba masani ba ne, amma na san furar da ta wuni a rana ba ɗaya take da wadda aka dama yanzu ba. Sakamako ya fito: wata takarda ta ce kada ruwan nan ya taɓa jikin mutum, ɗayar ta ce ya dace da ban ruwa, babu damuwa. Na kai wa kowane ɗaki takardar ɗan'uwansa, kowa ya ce ba ya aiki da hatimin wani. Masha Allah, a kan wannan kam bakinsu ya zo ɗaya.

Na uku. An zo an share, kada in ci amanar gaskiya. Katafila ta kankare baƙar ƙasar, aka ɗauki hotuna, aka tara ta a tsallaken titi, domin a nan iyakar ofishin da ya turo ta ta ƙare. Bayan kwana goma masu tsallaken suka tarar da ƙazanta a yankinsu, suka kawo tasu katafilar suka maido mana kayanmu, su ma suka ɗauki hotuna. Aka sake kwashewa, aka sake maidowa; sau biyu ke nan ƙasar nan tana zuwa tana dawowa. Ni shekarata uku ban je gida ba.

Na huɗu, nan kuma babu raha. Dabino goma sha ɗaya sun bushe. Kafilina, wato mai gonar, ya riƙe takardar da ta ce ruwa lafiya lau, ya ce ashe sakacina ne, ga shi sabunta igamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, na hannunsa. Malam Isuhu kuwa, shi ne mai shiga ramin famfo. Hannayensa sun tsattsage har gwiwar hannu, taimama yake yi, ko almakashin yankan dabino ba ya iya riƙewa. Da likita ya tambaye shi me ke cikin ruwan, sai ya miƙa masa takardun biyu. Likitan ya duba ya sake dubawa, ya tambaye shi ta biyun ta wace gona ce.

Saboda haka nake roƙo, ranka ya daɗe. A haɗa ofisoshin nan uku su zo gonar rana ɗaya, a mota ɗaya in da hali, don su gaisa. A sake ɗibar ruwan bisa ƙa'ida guda, a ba ɗakunan gwajin biyu, in sun sake saɓawa su zauna su gano wanda ya kuskure kafin a ba talaka takarda. A kai gangunan da ƙasar inda ake kai irinsu, ba tsallaken titi ba. A kuma rubuta wa kafilina gaskiyar abin da ya kashe masa dabino.

Roƙo na ƙarshe ba nawa ba ne. Malam Isuhu ya haƙura da aikin, ƙarshen watan nan zai koma gida. Bai nemi a hukunta kowa ba. Ya ce in roƙe ka abu ɗaya: a rubuta masa sunan abin da ya ci masa hannu, don ya san abin da zai faɗa wa likita a Maraɗi, da kuma 'ya'yansa idan suka miƙo hannu su gaisa ya kasa karɓa.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya haɗa kan waɗanda aka ɗora maka haɗawa, Ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Haruna, mai kula da gonar dabino, bayan Uhudu, Madina.