Jaka Biyu, Suna Ɗaya

Zuwa ga 'yata Dunja,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki Nenad da yara. Allah ya ƙara miki haƙurin rashin mahaifinki. Mun yi addu'ar arba'in ɗin babanki Toma ranar Asabar. Gwaggonki Stana ta dafa alkama kamar yadda aka saba, mutane sun cika maƙabarta duk da ruwan sama. Ƙafarta na nan tana damunta, ni kuwa jiki lafiya, zuciya ce dai ba daɗi.

Kin rubuto kina tambayar muryar da babanki ya ɗaukar miki lokacin jinyarsa. Sau uku ina fara amsa ina yagewa. Kin san shi ne mai kula da sabar ƙungiyar manoman tuffa, babbar na'urar nan da ke ɗakin bayan sikeli, kuma a can yake ajiye komai nasa, don ya ce ta fi ta gida aminci. Makon jiya wuta ta ɗauke ana tsakiyar awon tuffa, asusunsa na mai kula ya lalace. In ka shiga da kalmar sirrinsa sai ta buɗe maka fuska fayau, ba komai, kamar ba ta taɓa saninsa ba. Motoci sun yi layi har bakin gada. Shugaban ƙungiya, Milisav, ya tsaya a kaina yana cewa ai ni ƙanin Toma ne, ko a jini na gaji wani abu, tuffa kuma ba ta jiran makoki.

Na yi yadda na ga babanki yana yi: na buɗe sabon asusu don in kwashe kayan tsohon in zuba, sannan in share lalataccen. Sai na tarar da jakar fayiloli biyu, kowace an rubuta TOMA. Na ɗauka na'urar ce ta maimaita saboda lalacewar. Na kwafe ɗaya, na share ɗayar, sikeli ya tashi, Milisav har da dafa mini kafaɗa.

Sai da yamma na nemi muryar, babu. Na kira Gordana, mai gyaran na'ura daga garin Užice. Ta duba, ta cire tabarau, ta ce mini, Rade, ba suna ɗaya ba ne. Ɗaya da haruffan Latin aka rubuta, ɗaya da namu na Sirilik, kuma waɗannan haruffa huɗu a ido ba su da bambanci. Ta Latin ta aiki ce. Abin da yake na zuciyarsa kuwa, kin san taurin kan babanki, ba ya rubuta shi sai da haruffanmu. Jakar Sirilik ɗin na share, muryar kuma tana ciki. Na'urar da ke ajiye kwafin komai ma, in ji Gordana, ba ta karanta Sirilik, shekara shida tana tsallake jakar ba wanda ya sani. Kwana biyu ta yi tana tono, amma bayanan awon ranar sun riga sun hau kan wurin da jakar take. Shekara sittin ina rubuta sunan yayana, ban gane shi ba ranar da ya kamata. Ba zan ɗora wa wuta ko Milisav ba, hannuna ne.

Abu ɗaya ya tsira a jakar aikin, gwajin da ya yi kafin ya fara, daƙiƙa goma sha ɗaya. Yana ƙirga ɗaya, biyu, ya yi tari, ya yi dariya, sannan ya kira sunanki ya tambaya ko kina jin sa. Na sa miki shi a ɗan faifai cikin wannan ambulan. Ni na saurara sau ɗaya, ban iya sakewa ba.

Ki gaishe da Nenad, da Teodora, da ƙaramin Vuk. Stana na gaishe ku. In ba ki amsa da wuri ba, zan fahimta.

Baffanki,
Radoslav